Tattabarun Kawu Shitu

Na ɗauki takalmin Kawu Shitu zan ajiye masa a bakin ƙofa, sai na ga kashin tattabara manne a ƙasansa, ɗanye. A lokacin ya yi kwanaki yana ciwon kai, yana cewa zafin rana ne.

Kawu wan mahaifiyata ne. Tun ba a haife ni ba yake kiwon tattabaru a Rano, masu noman albasa suna zuwa har gida neman takinsu. Yakan gane wacce ba ta da lafiya daga kukanta. Da ƙodarsa ta gaza, ɗansa Uzairu ya ba shi ɗaya, aka yi dashe a Kano. Ni kuwa na gama jami'a ina zaman jiran aiki, sai aka ɗora mini lura da maganinsa.

Likita ya ce maganin yana danne garkuwar jiki ne don kada ta yaƙi sabuwar ƙodar. In ya yi ƙasa a jini, ƙoda na cikin haɗari. In ya yi yawa, cutar da ba ta isa ta kwantar da mai lafiya ba sai ta kwantar da shi. Ya ja kunne a kan kashin tsuntsaye, musamman ƙurarsa. Da muka dawo aka kwashe tattabarun a kwanduna aka kai wa abokin Kawu a Madachi.

"Kawu, ina ka je da takalmin nan?"

"Masallaci. Ko shi ma likitan naka ya hana?"

Matarsa, Inna Jumai, tana tsintar wake, ba ta ɗago kai ba. Shirun nata ne ya sa na zagaya bayan gida. Ɗakin tattabarun yana kulle, amma an zare bulo ɗaya daga sama, ga kasko da ruwa mai tsabta a gindin bango. A ciki ana ta guguguu. Na koma na gaya musu abin da na gani.

"Da kansu suka dawo," in ji Kawu. "Na aika musu ne?"

"Ni ke zuba ruwan," in ji Inna, da sauri.

"To wa ke share ɗakin, Inna?"

Inna ta ci gaba da tsintar wakenta.

Da zazzaɓi ya shigo muka tafi Kano. Awo ya nuna maganin ya haura yadda ake so a jininsa, ba a san dalili ba tukuna. A gaban Kawu na gaya wa likita batun tattabarun, tun daga nan bai ƙara duban inda nake ba. Har yanzu ban san ko sau ɗaya ya shiga ɗakin ba, ko kullum ne in na fita.

An rage masa maganin, an ɗebi ruwa daga bayansa don a duba ko wata cuta daga kashin tattabarun ta kai ƙwaƙwalwa. Sakamakon bai fito ba. Muna jira.