Kaskon Iya Dimeji

Yayata Ashabi, wadda duk unguwarmu a Ilesha ke kira Iya Dimeji, shekara talatin da ɗaya ta yi tana tuyar ƙosai a bakin tasha da kasko ɗaya. Mace ce mai kaifin harshe. Da kaskon nan ta kai ɗanta Dimeji jami'a. Yana aji uku ya ajiye karatun, wai shi zane zai yi. Ta ce kada ya sake tako mata gida, kuma shekara biyu ba ta kama sunansa ba.

Wata Lahadi mun dawo daga coci, muka tarar da shi a ƙofa da wani abu naɗe cikin jarida. Ya zube rub-da-ciki ya gaishe ta. Ta ratse shi ta shige.

"Yaya, ki dubi Allah," na ce.

"Ke Bolanle, ɗanki ne? To rufe min baki."

Ya biyo mu tsakar gida, ya warware jaridar. Kaskonta ne, ya zana shi a takarda da fensir mai launi. Ga kunnen da maƙeri ya taɓa liƙewa, ga kaurin mai da ya daskare a gindi, har da lotsawar gefen hagu.

Ta karɓa. Na tabbata yagawa za ta yi. Ta daɗe tana kallo.

"Maƙaryaci," ta ce. "Kaskona baƙi ne. Me ya kawo shuɗi da ja a cikinsa?"

"Mama, suna nan. Ki duba."

Ta shiga madafa fuu, ta jawo kaskon ƙiii har tsakiyar rana, ta durƙusa. Ta karkata shi nan, ta karkata shi can. Inda mai ya kwanta, sai ga shuɗi yana walƙiya. A baki-baki kuma, inda wuta ta fi ci, ja-ja.

Ta dubi takardar, ta dubi kaskon, ta sake duban takardar.

"Kwana nawa ka yi a kansa?"

"Wata biyu."

"Wata biyu a kan kasko! Shi ya sa ka rame kamar sandar rake."

Ba ta ce ta yafe ba. Ta goge hannu a zani, ta miƙa min zanen. "Riƙe da kyau, kada mai ya taɓa shi. Kai kuma tashi ka sayo doya, yau sakwara zan daka."