Hannun Kinue

Motoji Nagura tun yana yaro ba ya iya tsayawa inda ake gyaran kifi. Duk dangi sun san haka, kuma mu taubasansa ba mu taɓa barinsa ya manta ba. Ranar da aka cire masa ƙaya a tafin ƙafa sau biyu ya suma, da ya farfaɗo aka nuna masa ƙayar ya koma na uku. To, wannan matsoracin ne ya girma ya zama mai sa ƙattin birni amai a gidan silima.

Sana'ar da ya gada a garinmu Gujo ita ce abincin nuni, irin wanda masu gidan abinci ke jerawa a bayan gilashi don mai wucewa ya haɗiyi yawu ya shigo. Ba sassaƙawa ake yi ba. Za a kawo abu na gaske, kifi ne ko yankan nama, a lulluɓe shi da wani kunun roba, in ya daskare a zare abin, an sami mazubi ke nan. Sai a zuba, a fitar, a shafa launi. Motoji ko ƙwai bai iya sassaƙawa ba, amma ka ba shi na gaske ya fito maka da tagwayensa. Kifinsa ya karya wa kyanwoyin unguwa haƙora har suka daina bin layin.

Matarsa Kinue tare suke aiki. Ita ce gwanar ganyen kabeji: ta tsiyaya narkakken kakin kyandir a ruwan ɗumi, ta ja shi da yatsu, ta dunƙule, sai ga kabeji kamar yanzu aka ciro daga gona. Hannunta na hagu kowa ya san shi a gidan. Ƙaramin yatsan a karkace yake tun da ƙofa ta datse shi tana ƙarama, a gindin babban yatsan kuma akwai tabon ƙunar kaki mai kamar ƙwayar wake.

Wata rana wani dogon mutum mai baƙin tabarau, Oribe, mai shirya finafinan ban tsoro, ya ga hanta da hanjin da Motoji ya yi wa wani gidan gashin nama a Nagoya. Ya bi sawu har shago.

"Nagura-san, za ka iya yi mini na mutum?"

Motoji ya dafa tebur don kada ya faɗi. Kinue ce ta amsa daga bakin tukunya: "Zai iya, in dai ba za ku sa shi ya kalla ba."

Haka kuwa aka yi. Shekara goma sha biyar yana zuba hanji da ido da kunne, bai taɓa kallon fim ɗaya ya kai ƙarshe ba. In an fara nunawa a Tokyo sai ya hau jirgin ƙasa ya je, ya tsaya can baya kusa da ƙofa, ya juya wa majigin gefe, idonsa a kan 'yan kallo. Mutanenmu a silima ko tari ba sa yi, kowa zaune kamar an dasa shi har sai jerin sunayen ƙarshen fim ya ƙare, sunan mai shara ma ya wuce. Amma in aikin Motoji ya fito sai ka ji kujeru na ƙara. Wannan ya rufe ido da hula, wancan ya duƙa kan ledar da aka raba a ƙofa, wata ta fita da takalmi ɗaya. Shi kuwa sai ya rusuna wa duk mai fita, kamar mai gidan abinci yana sallamar baƙo.

"Tara suka fita," in ji shi in ya dawo. "Ɗaya ɗaukarsa aka yi."

"Jiya ka ce bakwai."

"Na manta da mata biyu."

"Kafin Lahadi za su kai ɗari," in ji Kinue. "Zo ka ci shinkafarka, jarumi."

Mutum ɗaya ce abin bai taɓa ba ta dariya ba, 'yarsu tilo Chigusa. A makaranta yara na kiranta 'yar mahauci, har wani ya taɓa tambayarta ko abin da ke cikin kwanon abincinta na gaske ne. Ta daina bi ta ƙofar shago, sai ta zagaya ta baya. Ba ta taɓa yi wa uban rashin kunya ba, amma in ya fara labarin masu suma sai ta tattara kwanuka ta tashi. Da ta girma ta tafi Nagoya ta zama ma'aikaciyar jinya.

Tun Chigusa tana aji biyu a sakandare Oribe ya aiko yana son hannun mace. Ba na 'yar kwalisa ba, in ji shi, hannun da ya yi aiki. Motoji ya waiga, ga hannu a gabansa yana jan kabeji.

"Kinue, ara mini hannunki."

"Za ka dawo da shi?"

"Minti ashirin."

Ta cire zobe, ta tsoma hannu cikin bokitin kunun roba mai sanyi, tana shan shayi da ɗayan. "Ka ga, ashe ni ce zan fara zama tauraruwa a gidan nan. Ka ce musu su yi a hankali da shi, gobe akwai wanki."

Ba wanda ya ɓoye wa Chigusa. Ba wanda ya ga abin faɗi ne. A gidan da aka yi mazubin kifi da na dankali da na kunnen maƙwabci, hannu ma abu ne cikin abubuwa. Guda goma sha ɗaya Motoji ya zuba, duka aka sassare su a gaban kyamara, har mazubin ya gaji ya yage aka watsar da shi tare da shara.

Kinue ta rasu tana da shekara hamsin da huɗu, bayan wata bakwai a kwance. Chigusa ce ta ajiye aiki ta yi jinyarta. Ita ke yanke mata farce, ita ke shafa mata mai a hannu safe da yamma, kuma hannun yana cikin nata aka cika. Bayan an ƙona gawa, kamar yadda al'adarmu take, uba da 'ya suka tsaya su biyu da dogayen tsinkaye suna ɗaga ƙasusuwa zuwa tulu. Motoji bai suma ba. Mu da muka zo da shirin tare shi in ya faɗi muka rasa inda za mu sa hannuwanmu.

Daga nan wani abu ya fara gyaruwa. Duk Lahadi Chigusa na hawa mota daga Nagoya da dafaffen kabewa da kifi, ta kunna turare a gaban hoton uwarta, ta zauna su ci. Ba hira mai yawa ba, amma tana zuwa. Motoji tun daga Laraba yake fara share gida. Ita kaɗai ta rage masa, kuma ya sa a ransa cewa saura abu ɗaya: ta ga aikinsa sau ɗaya ta ce ya iya.

Shekara na zagayowa sai ga takarda. Wani ƙaramin gidan silima a Nagoya zai yi makon tsofaffin finafinan ban tsoro, za a nuna na hannun ranar Asabar da azahar, kuma ana so ya hau dandamali a tafa masa. Ya kwana uku yana juya maganar kafin ya faɗa mata.

"Baba, ka san ba na kallon irin waɗannan."

"Sau ɗaya. Akwai abin da nake so ki gani. Za ki ji daɗi."

Da gaske yake, Allah ya sani. Shi a kansa abin da zai nuna mata shi ne hannun uwarta, babba kamar ƙofa, da kowane layi da kowace jijiya, aikin da bai taɓa yin kamarsa ba. Abin da ake yi wa hannun bayan nan, bai taɓa ɗaga ido ya gani ba.

Abin da kuma bai sani ba, 'yan kallo sun canja. Waɗannan samari ne da suka haddace fim ɗin a kaset, ba mai leda a hannu, wasu har da riguna masu hoton jini. Chigusa ta zauna a gefensa da jakarta a cinya. Ta jure kan da aka fasa, ta jure cikin da aka farka, ko gezau. Sai aka ɗaure wata mata a tebur, kyamara ta matso, hannun hagu ya cika majigin. Karkataccen ƙaramin yatsa. Tabo mai kamar wake. Har da farin zagayen inda zobe yake zama.

Motoji ya juyo yana murmushi ya ga fuskarta. A lokacin ne samarin suka fara ƙirgawa da ƙarfi baki ɗaya, uku, biyu, ɗaya, adda ta sauka, ɗakin ya ɗauki tafi da shewa. Aka bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tafinsa. Da aka zo kan karkataccen wani ya yi ihu, "A miƙe mata shi!" dariya ta ɓarke.

Ya iske ta a waje kusa da injin sayar da lemo, tsaye, ba ta kuka.

"Na Mama ne."

"Kin gane shi! Na ce za ki..."

"Sau nawa?"

"Me?"

"Sau nawa aka yi mata haka?"

"Ai roba ce, Chigusa. Ita ma dariya ta yi ta yi ranar. Ta ce..."

"Wata bakwai ina shafa masa mai, Baba. Ka zaunar da ni cikin mutane suna tafi."

Wani ma'aikaci ya leƙo yana rusunawa, ya ce ana jiran Nagura-san a dandamali. Motoji ya waiga ya ce yana zuwa. Kafin ya juyo ta kai bakin titi.

Shekara huɗu ba Lahadi. Katin sabuwar shekara na zuwa, bugun inji, ba ko layi ɗaya da hannunta. Ranar tunawa da uwarta takan je kabari da sassafe ta ajiye fure ta koma, shi in ya zo sai ya tarar da turare na hayaƙi. Ya bar aikin fim. Ya rame har muka daina tsokanarsa, wanda a danginmu alamar mutum ya kusa ke nan. Ya sayi kaset ɗin fim ɗin, ya koyi inda zai tsayar da shi, daidai inda hannun ya cika fuskar talabijin kafin adda. Na'urar tasa tsohuwa ce, in an tsayar da hoto minti biyar sai ta sake shi da kanta ya ci gaba. Don haka kullum da agogo a gabansa yake zama, in minti huɗu ya yi ya kashe.

Ran nan waya ta yi ƙara.

"Baba, mazubin nan yana nan?"

Ya ce ta ba shi wata guda.

Babu mazubi, babu ko yatsa ɗaya da ya rage. Mutumin da bai taɓa sassaƙa komai ba ya zauna da yumɓu da hoton talabijin, yana yi yana rushewa. Wanda ya leƙa shagon a watan nan zai rantse hannuwa sun kai dubu, a kan tebur, a kan kujera, har cikin kwanon wanke fuska. Ya zaɓi ɗaya, ya zuba, ya shafa launi, ya sa tabon a inda yake, ya naɗe shi a farin ƙyalle.

Ta zo ranar Lahadi, ba ta riƙo abinci ba. Ta kunna wa uwarta turare, ta zauna, ta buɗe ƙyallen. Ta daɗe tana dubawa. Ta sa tafinta a cikin nasa tafin, ta zare.

"Ba nata ba ne."

"Na sani."

"Na fara manta yadda yake, Baba. Hotunanta duk fuska ne. Jiya na zauna ina so in tuna ko tabon a dama yake ko a hagu."

"Hagu," in ji shi. "Akwai inda za ki gan shi. Ba za a taɓa shi ba, na yi miki alkawari. Na san inda ake tsayarwa."

Ta kalle shi, ta kalli talabijin, ta gyaɗa kai.

Ya sa kaset, ya rufe fuskar talabijin da jikinsa har ya kai wurin, ya tsayar, ya matsa gefe. Hoton na rawa kaɗan don kaset ɗin ya sha wuya a daidai nan, amma hannun ne. Chigusa ta matso a gwiwa har numfashinta na taɓa gilashin. Ta ɗora yatsa a kan tabon. Sai ta fara kuka a hankali, irin wanda ba ta yi ba ko ranar ƙona gawa, ta ce, "Mama," ta jingina kafaɗarta da ta ubanta.

Motoji bai motsa ba. Shekara huɗu bai ga 'yarsa kusa haka ba. Ya ga furfura biyu a gefen kunnenta, ya ga ta rame a wuya. Yana kallonta, yana tsoron ko numfashi ya yi ta janye kafaɗar, bai kalli agogo ba.

Na'urar ta yi ƙas, hoton ya saki.

Ya faɗa kan wayar wuta ya fizge ta daga bango, amma yatsanta na kan gilashin lokacin da addar ta sauka.

Chigusa ta miƙe. Ta naɗe hannun robar a ƙyallensa tsaf, ta ajiye a kan tebur. A bakin ƙofa ta sa takalmanta, ta juyo ta rusuna masa sosai, irin rusunawar da ake yi wa uban wani.

"Na gode da wahalar da ka sha. Ka riƙa cin abinci."

Ya bi ta har tashar mota da silifas na cikin gida, taku goma a bayanta, bai iya kiran sunanta ba. Ta shiga mota ta zauna a ɓangaren da ba ya kallon inda yake tsaye. Yana nan tsaye har motar ta haye gada.

Bana shekararsa saba'in da takwas, kuma ba ta sake zuwa ba.