Takardar "Ba a Gwada Ba"

Shekara talatin da ɗaya Kuwahara Teruo ya yi yana aiki a wani shagon tsofaffin na'urorin wasan bidiyo a unguwar Nipponbashi ta birnin Osaka. Shi ke karɓar na'ura, ya jona ta, ya duba ta ciki da bai, sannan ya rubuta halinta a 'yar takarda ya manna. In ya rubuta "tsaf take", ko ƙwarzane ba za ka samu ba. "Ta sha hannu" na nufin ta ga jiya amma tana aiki. "Janku" kuwa matacciya ce, sai dai a ciri kayan gyara, kuma ba a dawo da ita. Akwai "ba a gwada ba", wadda yake rubutawa kawai idan ya rasa wayar da zai jona na'urar. Masu saye sun san wannan sa'a ce, takan tashi takan ƙi.

Da mai shagon ya rasu, mijin 'yarsa, Shimomura, ya gaji wurin. Bai yi wata biyu ba ya lura janku ba ta tafiya a kasuwa, "ba a gwada ba" kuwa har rububinta ake. Sai ya ce wa Teruo daga yau duk wadda ya gwada ta ƙi tashi, ya rufe ta ya rubuta ba a gwada ba. Teruo ya ce ai ya gwada.

"Kuwahara-san," in ji Shimomura yana murmushi, "a shekarunka wa zai ga laifinka don ka manta?"

Kwana huɗu Teruo bai taɓa alƙalamin ba. Amma matarsa Fumie sau uku a mako ake yi mata wankin ƙoda, shi kuma ya haura sittin, ba inda za a ɗauke shi aiki. A rana ta biyar ya rubuta.

Akwai wani direban bas, Noguchi, da ya shekara ashirin yana sayen na'urorin "ba a gwada ba" a hannun Teruo, ya gyara a gida don nishaɗi. Wata Asabar da hantsi ya shigo da na'ura uku da suka ƙi tashi a jaka, ya jera su a kan kanta. Bai ɗaga murya ba. Ya nuna kusoshin bayansu ya ce an taɓa kwance su, kuma an mayar da su da kyau, irin mayarwar da ya san mutum ɗaya ne kawai ke yin ta.

"Ba canji na zo nema ba. So nake in ji ko rubutunka ne."

Teruo ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa kanta, ya ce nasa ne. Noguchi ya bar su nan ya fita, bai sake dawowa ba.

Abin bai ma tsare masa aikin ba. Shekara na zagayowa Shimomura ya rufe ƙofar shagon ya koma sayarwa ta intanet, inji ke buga takardun, aka sallami Teruo da kwalin alewa da godiya. Fumie ta rasu a farkon bazara. Bai taɓa gaya mata abin da ya yi ba, kuma wannan ya fi komai cin sa.

Yanzu yana gadin kekuna a wata tashar jirgin ƙasa, daga asuba zuwa azahar. In ya tashi yakan sayi taliyar udon ya ci a tsaye, ya koma ɗaki. 'Yarsu da ke Nagoya ta sha cewa ya dawo wurinta da zama. Kullum amsarsa sai an ga yadda sanyin bana ya yi.