Ranar da Na Daka wa Alhaji Tsawa a Cikin Dutse

Kubwa zuwa Maitama

Ƙarfe biyar saura kwata na bar gida, ko ruwan zafi ban sha ba. Asabar ce, ranar hutuna, amma direba ba shi da ranar da za ta zama tasa in maigida ya tashi da sabon ra'ayi. Alhajin da nake tuƙawa ya je ganin ɗansa a ƙasar Oman, aka kai shi hamada ya ga mutane na ɗaura igiya suna sauka cikin kwazazzabai, shi ke nan ya dawo ya ce shi ma sai ya yi. Shekararsa sittin da ɗaya, ga tumbi, ga hawan jini. Ya sayi igiya da ɗamara da hular kwano, ya nemo ƙungiyar masu irin wannan neman wahala, suka ce akwai wani tsagin dutse a bayan Jiwa.

Bas ɗin farko na samu, kilomita ashirin da biyar, na yi Asuba a ɗakin maigadi. Ina fitowa na tarar da Hajiya tsaye da jakar magani.

"Malam Idi, yau ba zaman mota za ka yi ba. Inda ya sa ƙafa nan za ka sa taka. In ya dawo mini da ko ƙwarzane, ka ajiye makulli."

Na ce to. 'Ya'yana biyar, biyu suna jami'a, kuma wannan makullin ne ke riƙe da su duka.

Maitama zuwa Jiwa

Shida da minti goma muka fita, ta Jabi da Karmo da Gwagwa, kusan kilomita talatin. A Karmo gosulo ya ci mana rabin awa, Alhaji na baya yana yi mini laccar amfanin motsa jiki. Abin haushin, da daga gidana na taso, minti ashirin ne a babur.

A mashigar Jiwa 'yan banga suka tsayar da mu suka ce a buɗe but ɗin mota. Babbansu ya ɗago naɗin igiya ya dube ni sama da ƙasa.

"Wa za ku ɗaure?"

"Kanmu," in ji ni.

Alhaji ya sauke gilashi ya yi musu bayani dalla-dalla. Mutumin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Oga, ana biyanku ne?" Da aka ce masa a'a, sai ya ɗaga mana sanda yana girgiza kai. Bakwai da minti ashirin muka ajiye mota ƙarƙashin wani mangwaro, na samu koko da ƙosai na jefa a ciki a tsaye.

Jiwa zuwa bakin dutse

Nan muka haɗu da 'yan ƙungiyar, muka zama mu tara. Shugabar tafiya wata ma'aikaciyar jinya ce, Rifkatu, ita ke kula da igiya. Ɗan jagora kuma Baba Danladi, dattijon manomin doya da ya san duwatsun tun yana kiwo. Kowa da takalmin gudu na roba da jakar goyo, ni kuwa kaftani da takalmin zuwa aiki. Kilomita huɗu muka taka cikin gonaki, awa ɗaya da kwata, rana ta soma cizo.

Baba Danladi ya ƙare wa Alhaji kallo, ya yi magana da gurguwar Hausarsa.

"Wannan oga, cikinta ya yi yawa. Akwai wuri ɗaya, ko akuya mai ciki ba ya wucewa."

"Baba, a Oman na ga waɗanda suka fi ni sun wuce," in ji Alhaji.

"To, nan ba Oman."

Cikin tsagi

Gangaren farko tsawonsa ya kai bene mai hawa uku. Rifkatu ta ce mu sani, da zarar ta zare igiya babu komawa sama, sai dai a ɓulla ta ƙasa. Na ce a raina, wace irin hanya ce wannan da ba ta da ribas? Alhaji ya sauka yana salati da ƙarfi. Aka zo kaina, na cusa kaftani cikin wando, ta ɗaure mini ɗamara ta ce in jingina bayana da iska. In jingina da iska, a shekara hamsin da uku!

Na jingina. Taku uku na farko ƙanƙame igiya kawai na yi. A na huɗu zafin rana ya yanke, wani sanyi ya taso daga ƙasa, kuma na daina jin komai sai numfashina. Dutsen sumul yake, ruwan damina ya goge shi, ja da toka a jere. Na ɗaga kai na ga sama ta koma siririya kamar zare. Ba oda, ba waya, ba mai cewa in bi dama. Na ji daɗi, kuma na ji haushin kaina da na ji daɗin. Da ƙafata ta taɓa yashi, abin da ya fara zuwa mini shi ne ko akwai wani gangaren a gaba.

Akwai, har biyu. Sha biyu saura minti ashirin muka iso wurin da Baba Danladi ya faɗa. Kowa ya bi a karkace ya wuce, ni ma na wuce na tsaya jiran Alhaji. Ya shigo rabi ya tsaya cak. Ba gaba, ba baya.

Baba Danladi yana bayansa yana cewa ya saki numfashi duka, a ɗaga shi sama kaɗan, tsagin ya fi faɗi a can. Ina! Alhaji ya shiga ba da oda. A kira wane, a kawo masu fasa dutse, wa ma ya zaɓi wannan hanya? Waya kuwa ko sandar sabis ɗaya babu. Duk ihun da ya yi ƙirjinsa ƙara kumbura yake. Rifkatu na lallashi, bai ma san tana yi ba. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, idonsa ya kaɗa, na san mutumin nan in ya faɗi a nan ba motar da za ta iso shi.

"Alhaji, rufe mana baki!" Muryata ta buga dutse ta dawo. "Nan ba ofis ba ne, dutsen nan bai san ka ba! Saki numfashi na ce!"

Ya yi tsit, ya saki. Na durƙusa na sa kafaɗa ƙarƙashin gwiwarsa na ɗaga, Baba Danladi ya tura, sai ga shi ya faɗo kaina. Rigarsa ta yage, ga ƙwarzane tun daga ƙirji har cibiya. Na miƙa masa magani da ruwa, ya karɓa bai dube ni ba.

Komawa

Ɗaya da kwata muka ɓulla ta ƙasa, muka yi Azahar a bakin wani busasshen rafi. Uku daidai na tada mota. Har Maitama ina ta tunanin yadda zan gaya wa uwar yara cewa aiki ya tafi.

Hajiya na ganin rigar ta miƙo hannu. "Makulli."

"Ba ni nan," in ji Alhaji. Na ba shi. Ya buɗe but da kansa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya kwaso igiya da ɗamara da hula.

"Mutumin nan ya daka mini tsawar da ko mahaifina bai taɓa yi mini ba," ya ce wa Hajiya. "Da bai yi ba, da yanzu gawata ake ƙoƙarin zarowa." Ya jibga mini kayan a hannu. "Ni na gama da dutse har abada. Kai kuwa na ga fuskarka a kan igiya, kar ka yi mini musu." Ya ɗora makullin a kai. "Litinin, ƙarfe bakwai."

Shida da rabi na isa Kubwa, bayan kwandasta ya yi ta mita wai kayana sun cinye kujera. Alhamdu lillahi da ya kai mu ya dawo da mu, na kuma gode wa Baba Danladi da Rifkatu. Uwar yara ta dubi kaftanina ta dubi igiya, ta ce tsufa ya zo mini da hauka. Ni kuwa lambar Rifkatu nake nema a waya, in ji ƙarfe nawa za su fita Asabar mai zuwa.