Yarinyar da "Ke!" ke faɗar wa gaba

"Hajiya, ciwon damuwa ne," in ji likitan ƙwaƙwalwar da muka taso tun daga Gummi don mu gani.

Na ce, "Damuwa? Yarinyar da ba ta daka, ba ta surfe, mi ya dame ta?"

Ɗiyata ce ta fari. Jarrabawar gama sakandare ta matso, amma da ta ɗauki littafi sai ƙirjinta ya hau bugawa. Ni kuwa na ce raki ne, na yi ta faɗa.

Likita ya ce ciwo ne kamar hawan jini, kuma yana da magani. Ya tambaye ta, "Yaushe gabanki ya fi faɗuwa?"

Ta sunkuyar da kai. "In Inna ta ce 'Ke!'"

A gaban baƙo fa!

Ya ce, "To Hajiya, ki riƙa kiran sunanta a hankali mana."

"Sunan 'yar fari? A bakina? Likita, wa ya rene ka?"

Ya yi dariya har ya aje biro. Muka daidaita: suna dai ba zan faɗa ba, amma zan rage wa "ke" ɗin ƙarfi. Yanzu tana shan maganinta, ta koma karatu.

Jiya na gwada, murya ƙasa-ƙasa. Ta sheƙo a guje: "Inna, ba ki da lafiya?"

Iyaye mata, tarbiyya dole ce, amma tsawa ba ta maganin ciwo, asibiti ake kai shi. Ku faɗi gaskiya, taku "ke" ɗin gida nawa take tsallakewa?