Yaren Layi Tara

Shekara goma sha huɗu ɗakina na manne da nasa a gidan hayar da ke bayan masaƙa, amma in aka ce in faɗi sunansa na yanka sai na tsaya tunani. Layi Tara kowa ke ce masa. Ni kuwa Baba nake cewa, ba don yana ji ba, don dai bakina ya saba.

Ni ɗinki nake yi. Mijina, Allah ya jiƙansa, a sashen rini ya yi aiki, har ya koma ga Mahaliccinsa faratansa shuɗaye ne. Shi ya ba ni labarin ɗakin saƙa, tunda ni ban taɓa shiga ba. Ya ce inji ɗari huɗu ne jere a layi-layi, in suka tashi gaba ɗaya ko ihu ka yi a kunnen mutum ba zai ji ka ba. To mutane ba za su wuni ba magana ba, sai suka koma yi da hannu. Ba wanda ya zauna ya tsara musu. Sabo ya gani wurin tsoho, haka har ya zama yare. In ka ja yatsa biyu ka raba, zare ya tsinke. In ka shafa haɓa, helma na tafe, wato shugaban ma'aikata, kowa ya kama kansa. Kowa kuma da alamar sunansa. Da wannan suke gulma, da shi suke zagin juna, har aure an ƙulla a tsakanin injuna ba wanda ya buɗe baki.

Baba ya shekara talatin da ɗaya yana gyaran injunan layi na tara. Da tafin hannu yake gane ciwon inji. Zai ɗora hannu a jikin ƙarfe, ya lumshe ido, ya nuna inda ƙusa ta kwance. Kunnen kuwa a hankali ya tafi, bai ma lura ba, don a ciki ba ya bukatarsa. Sai da aka rufe masaƙar, aka sa wa ƙofa sarƙa, sannan ya fito ya tarar da duniya ta yi tsit.

Matarsa ta rasu bayan shekara biyu. 'Ya'ya uku, duk sun bi aiki zuwa wasu garuruwan. Suna aiko da abin sawa a baka, ban yi musu ƙarya ba. Amma waya suke bugowa, wa zai ɗauka? Ni suke kira, in ce lafiyarsa lau, in leƙa in nuna masa wayar, ya gyaɗa kai. Boko bai yi ba, lambobi kawai ya sani. Magana yana iya yi, sai dai da ƙarfi take fita ba daidai ba, mutanen gida su yi ta ƙunshe dariya. Da ya gane, ya kulle bakinsa.

Mutum ɗaya ya rage masa, Bahago. Shi ne mai zuba wa injunan layi tara mai, ɗan siriri ne mai yawan tsokana, kunnensa ɗaya na ɗan aiki. Kullum ƙarfe bakwai, lokacin da jiniya ke kira a da, sai ga shi da hularsa a karkace. Su fitar da benci ƙofar gida, su fuskanci katangar masaƙa, hira ta kankama. Kai, in ka ga hannayen nan! Baba da ke zama kamar buhu a ɗaki, sai ka ga ya yi dariya har yana share hawaye, yana dukan cinya.

Ni haushi suke ba ni, gaskiya. Kekena na bakin taga, ina ganinsu. Wata rana Bahago ya kalle ni, ya murza hannu kamar mai juya keke, ya buɗe yatsu yana rufewa a gefen baki. Suka kwashe da dariya.

Na leƙo na ce, "Bahago, gulmata kuke yi ko?"

Ya ce, "Haba ƙanwata, suna muka raɗa miki. Keke mai baki."

"Allah ya shirye ku, tsofaffin banza."

Na ja labule. Amma idona ya riƙe wasu abubuwan ba da niyya ba. Musamman yadda suke rabuwa. A masaƙa, in lokacin tashi ya yi, ba ka barin layinka sai mai canjinka ya zo. Ka sauke tafin hannu ƙasa, wato na tashi. Shi kuma ya dunƙule hannu ya buga ƙirji sau biyu, wato na karɓa. In bai buga ba, ko gobara ake yi kana nan tsaye. To haka suke sallama kullum da azahar. Bahago ya sauke tafinsa na hagu, Baba ya buga ƙirji, sannan Bahago ya juya.

Da damina ta biyu kafin wannan, Bahago ya faɗi a banɗaki. Shanyewar ɓarin jiki. Kuma duk jikin nan, sai aka rasa inda za ta kama sai hagu. Na raka Baba dubiya. Bahago na kwance, baki ya karkace, hannun hagu a yashe gefensa kamar ba nasa ba. Baba ya tsuguna ya yi ta yi masa magana. Bahago ya ɗaga dama zai amsa, yatsun suka ƙi, abin ya fito a hargitse. Ya yi, ya sake, sannan ya juya fuska bango. Wallahi sai da na fita waje na yi kuka.

Bayan sati uku, babban ɗan Bahago ya zo da mota zai tafi da shi garin da yake aiki. Ba laifinsa ba ne, wa zai yi jinya a nan? Ya tsaya ƙofar gidanmu don su yi sallama. Ya ce min, "Inna, ki gaya wa Baba kada ya damu, za mu riƙa kira."

Na ce, "Ku kira wa? Da wane kunnen? Kai ɗan nan, ka yi tunani kafin ka yi magana mana."

Ya sunkuyar da kai, na ji kunyar kaina. Baba na tsaye bakin tagar motar yana jira. Bahago ya kalle shi, ya yi ƙoƙarin motsa hannun, bai motsu ba. Direba ya ja mota. Baba ya tsaya a wurin, hannunsa a dunƙule kusa da ƙirji, bai buga ba.

Daga nan ya fara yawo. Kullum ya sa rigarsa mai kyau ya fita, tasha, bakin kasuwa, inda tsofaffi ke zama a gindin gada. Duk dattijon da ya gani sai ya tsaya gabansa ya ɗaga yatsu tara, ya yi alamar tambaya: wane layi kake? Mutum dubu uku suka yi aiki a masaƙar nan, yana ganin ba za a rasa ɗaya ba. Amma ina! Wasu sun mutu, wasu sun koma ƙauye, waɗanda suka rage 'yan ofis ne ko 'yan rini irin mijina, ba su san yaren ba. Wani ya ɗauka roƙo yake yi, wani ya ce a kama shi ya zare. Mai shayin kan kwana ya zo har tagata ya ce in riƙa sa ido a kansa. Na ce masa ya je ya sa ido a kan tukunyarsa.

Ya daina fita. Ƙarfe bakwai zai fitar da benci ya zauna a gefe ɗaya, ya bar ɗaya gefen. Hannayensa a kan gwiwa, ba motsi. Abin nan ya tsaya min a rai, har ɗinki nake ɓatawa.

Rannan na ajiye almakashi na fita. Na tsaya gabansa, na murza hannu kamar mai juya keke, na buɗe yatsu a gefen baki, na nuna kaina. Sannan na shafa haɓa, don shi ne ya fara faɗo min a rai.

Wayyo, da kun ga fuskarsa. Ya miƙe zumbur, hannayen suka ɓalle. Maganar wata takwas ce ta taho gaba ɗaya, da sauri, yana yi yana dariya, yana nuna katanga, yana nuna hanya. Ni ko kalma ɗaya ban gane ba. Ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Can ya tsaya, ya dube ni sosai. Ya gane. Ya koma ya zauna a hankali, ni kuma na ji kamar na yi masa mugunta.

Sai ya kamo hannuna ya gyara min yatsa ɗaya. Ashe ko sunan nawa ba daidai na yi ba.

Tun daga ranar nake zama da shi rabin awa kafin in hau keke. Kaina ya bushe, ba na ɗauka da sauri. A shekara guda na iya kamar arba'in: ruwa, zafi, zare, gajiya, helma, da zagi guda uku. Shi kuwa shekara talatin da ɗaya ce a hannunsa, da barkwancin da sai wanda ya shaƙi ƙurar auduga zai gane. Yana haƙuri da ni kamar yadda ake yi da mai koyon tafiya. Kullum kafin in tashi sai ya ɗaga hannun hagu, alamar sunan amininsa, ya nuna wayata. Ina labarin Bahago? In ce yana nan.

Ranar Talatar da ta wuce da hantsi ɗan Bahago ya kira. An yi jana'iza tun safe. Ya ce, "Inna, don Allah ki sanar da Baba."

Na zauna da wayar a cinya. A cikin arba'in ɗin nan tawa babu mutuwa. Bai koya min ba, ni ma ban tambaya ba.

Na fita. Yana kan benci, a gefensa na kullum. Na tsaya gabansa, na ɗaga hannun hagu. Ya gyara zama, ido a kaina. Sai na juya tafin, na sauke shi ƙasa a hankali.

Ya kawar da ido daga kaina zuwa wurin da babu kowa a kan bencin, ya daɗe yana kallo. Sannan ya dunƙule hannu ya buga ƙirjinsa sau biyu.