Hanyar da Muka Share

A shekarar da gwamnati ta kwaso kujerarta daga Legas ta dawo Abuja, ana saura kwana tara Kirsimeti, na sari wani mutum da garma a kafaɗa. Ban san shi ba, bai san ni ba. Na gudu ban tsaya ganin ko yana numfashi ba.

Ƙauyenmu na manoman doya ne, bayan wani kwazazzabo, ba nisa da inda makanikan Apo suke buga ƙarfe yanzu. Tun da damina aka zo aka shafa wa gidajenmu da cocinmu jan fenti, aka ce birni zai biyo ta nan. Sai muka ji shiru. Kwazazzabon ne ya tsare mu, don ba motar da ke iya haye shi.

To, muna da al'ada. Makonni huɗu kafin Kirsimeti maza kan fita su share hanya daga bakin titi har ƙofar coci. Baba, yayan mahaifina, wanda ke jan mu addu'a, shi ya kafa ta. Ya ce abin kunya ne Mai Ceton da aka yi mana alkawari ya iso ya tarar da ciyawa ta cinye hanya. A shekarar nan himma ta yi mana yawa. Muka kwaso duwatsu, muna waƙa, muka cike kwazazzabon nan tsaf. Ni na fi kowa zaƙewa, har ina yi wa ragwaye tsiya.

Ta kan duwatsun namu katafila ta hayo da hantsi, motar 'yan sanda na bin ta.

Mata suna cikin coci suna daɓe. Baba ya tsaya a ƙofa, Littafi Mai Tsarki a hammata.

Ya ce, "Oga, ku bari mu yi Kirsimeti a ciki. Bayan nan ku rushe shi, ba wanda zai hana."

Babban 'yan sandan ya ce, "Baba, oda ce daga sama. Matsa."

Bai matsa ba. Aka zabga masa gindin bindiga a baki, na ga haƙoransa biyu a ƙasa cikin jini. Sai barkonon tsohuwa, sai bulala ta ko'ina. Mata suka fito a guje suna tari, wata ta faɗi aka tattake ta. Katafila ta sa baki a bangon gabas, ginin da kakanninmu suka yi ya zube kamar an ture tulin doya.

Zan faɗi abin da har yau nake jin kunyarsa. Ban nufi wanda ya doki Baba ba, don yana da bindiga. Direban katafilar na nufa. Ya sauko zai cire wani kwanon rufi da ya maƙale a sarƙar motar, ya ba ni baya. Na ɗaga garma da hannu biyu na sauke. Na ji ƙashi ya ce ƙas, mutumin ya kwarma ihu yana kiran innarsa. Na bi cikin hayaƙi na haye dutse.

Kwana shida na yi a cikin duwatsu ina cin ɗanyen rogo. In na buɗe baki zan yi addu'a, ihun nan nake ji. Na tsani kaina, na tabbata Allah ma ya gama da ni.

Baba ne ya gano ni, bakinsa a kumbure, maganarsa da ƙyar take fita. Na ce masa ba ni ba Kirsimeti, wannan hannun bai isa ya tarbi kowa ba.

Ya ce, "Ɗana, kai wawa ne. In da hannunmu yana da tsabta, me zai kawo Mai Ceto? Saboda irinka ne yake zuwa."

Na yi kuka kamar yaron goye. Tun ranar rusau, lokacin ne na fara jin numfashina ya sauka har ciki. Baba ya bari na gama, sannan ya ce mutumin yana asibiti, kuma can zan je da ƙafata, ko da daga can sai gidan yari.

Ranar jajiberi na je. Na same shi a gadon ƙarshe, matarsa na zaune tana yi masa fifita. Hannun dama babu, an yanke shi daga kafaɗa don ya ruɓe. Na hagun kuma an ɗaure shi da allurar ƙarin ruwa. Ashe ma sa'ana ne. Na durƙusa, na ce ni ne.

Matar ta miƙe za ta kira 'yan sanda, tana zagina, kuma duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Mijin ya ce mata, "Zauna." Ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Malam, ni aiko ni aka yi. 'Ya'yana uku, kuma tuƙi kaɗai na iya. Ba zan yi maka ƙarya a gaban Allah ba, ban yafe ba. Wataƙila wata rana."

Na ce na ji.

Ya lashi leɓensa da ya bushe, ya dubi kofin da ke kan durowa. Matar ta kai hannu, ya girgiza mata kai.

"Shi zai ba ni."

Na tallafo kansa, na kai masa kofin baki. Ruwa na zuba a kan bandejin kafaɗarsa, shi kuwa bai daina sha ba sai da ya shanye.